Kalmar ƴanci da farashinta ga baƙo a Ajantina

A lokacin yaƙin neman zaɓe na 2023, Javier Milei yakan tsaya a bayan buɗaɗɗiyar mota yana ɗaga zarton inji sama, injin na ruri, jama'a na sowa. Motosierra ake kiran wannan zarto da Sifaniyanci, kuma babu wanda ya nemi tafinta kafin ya gane saƙon: mutumin ya yi alkawarin yi wa gwamnati sassabe. Ranar 19 ga Nuwamba ya kayar da Sergio Massa, ministan tattalin arziki na wancan lokaci, da kusan kashi 56 cikin ɗari na ƙuri'u. Ranar 10 ga Disamba ya karɓi mulki, ya fito kan matakalar majalisa, ya ba ginin baya, ya fuskanci jama'ar da ta cika dandali ya ce musu no hay plata, wato babu kuɗi. Tafi suka yi masa.

Tun daga ranar ake ta muhawara a wajen ƙasar kan ko ya dace mutum ya tattara nasa ya nasa ya koma can da zama. Mafi yawan masu wannan lissafi ƴan Turai ne da Amurka da ke aiki ta intanet, albashinsu na iso musu da dala ko yuro. Amma labarin yakan kai kunnen ɗalibin Afirka ma, domin an daɗe ana faɗin cewa jami'ar gwamnati a Ajantina kyauta ce har ga baƙo, asibitin gwamnati ma haka. Mai nazarin harshe yana da nasa ma'aunin irin wannan ƙasa. Yakan saurari kalmomin da mutanenta suka ƙirƙiro don kiran wahalarsu, sannan ya duba ma'anar da masu mulki suka ɗora wa kalmar da suka fi so.

Mutanen Ajantina gwanaye ne wajen raɗa wa masifa suna. A Disamban 2001, da gwamnati ta hana kowa fitar da fiye da peso 250 a mako daga asusunsa na banki, sai suka kira abin corralito, ɗan shingen da ake killace jariri a ciki. Dokar da ta taƙaita sayen kuɗin waje suna ce mata cepo, wato turu, gungumen nan da a da ake sa ƙafar fursuna. Turun ya haifi kasuwar bayan fage, dalar da ake saya a can ta zama dólar blue, shuɗiyar dala; ɓoyayyun shagunan canji su ne cuevas, kogwanni; ƴan canjin da ke tsaye a titin Florida na birnin Buenos Aires suna kiran masu wucewa kuwa arbolitos ne, ƙananan itatuwa, wai don suna kafe wuri guda kuma ganyensu kore ne. Ma'aikacin bogi da ba a ganinsa sai ranar albashi sunansa ñoqui, daga wani abincin Italiya da aka saba ci ranar 29 ga wata. Bahaushen Nijar zai yi murmushi da jin ana farautar dala haka, tun da a bakinsa dala sefa biyar ce kacal. Sai dai harshen da ya tara irin waɗannan kalmomi har yara suka haddace su, harshen mutanen da kuɗin ƙasarsu ya sha cin amanarsu ne, kuma wanda bai fahimci haka ba ba zai gane dalilin tafin nan na dandali ba.

Adalci ya wajaba a nan, domin masu ƙin Milei sukan tsallake wannan wuri da sauri. A 2023 farashin kaya ya tashi da kashi 211 cikin ɗari. A watan Disamba kaɗai ya tashi da kashi 25.5, ma'ana abin da uwar gida ta saya farkon wata ya ƙaru da rubu'in kuɗinsa kafin watan ya mutu. A 2024 hauhawar ta sauko zuwa kashi 117.8, a watan Mayun 2025 kuwa ta tsaya a kashi 1.5. Gwamnati ta rage ma'aikatun ministoci daga 18 zuwa 9, ta dakatar da yawancin ayyukan gine-gine, ta rufe shekarar 2024 da rarar kuɗi a karo na farko cikin fiye da shekara goma. Duk wanda ya raina samun farashin burodi yau daidai da na jiya, bai taɓa zama inda albashi ke narkewa a aljihu ba.

Amma ba zarto kaɗai ya yi aikin ba. Akwai inji na biyu da ƴan ƙasar suka raɗa wa licuadora, injin markaɗe: a bar albashin ma'aikata da kuɗin ƴan fansho su yi ta jan ƙafa a baya, tsadar kaya ta markaɗe darajarsu, nauyin da ke kan baitulmali ya ragu ba tare da an sanar da rage wa kowa ko sisi ba. Ranar 12 ga Disamban 2023 ministan tattalin arziki Luis Caputo ya karya darajar peso, dala ta tashi daga wajen 366 zuwa 800 a farashin hukuma. Dattawan Maraɗi da Damagaram ba su buƙatar a yi musu bayanin irin wannan wayewar gari, domin sun ga Janairun 1994, lokacin da aka raba darajar sefa biyu a taron Dakar. A rabin farko na 2024 talauci a Ajantina ya kai kashi 52.9 cikin ɗari. Ya sauko zuwa 38.1 a rabin ƙarshe, sannan 31.6 a rabin farko na 2025. Magoya baya na riƙe da lambar ƙarshe, ƴan adawa na riƙe da ta farko, duka biyun kuma daga hukumar ƙididdiga ɗaya suka fito.

Ga baƙo, abin da ya fi sauyawa shi ne arha. A Oktoban 2023 hukuma na sayar da dala a peso 350, a kogo kuwa ta haura 1,000. Wanda ya sauka daga jirgi da takardun dala a aljihu yana cin nama a manyan gidajen abinci da kuɗin da ba zai ishe shi shayi da burodi a Faransa ba. Wannan daɗi daga rashin lafiyar ƙasar ya fito, kuma da aka fara magani sai ya gushe. A 2024 farashi ya ci gaba da hawa da peso alhali dala ba ta motsa sosai ba, har Buenos Aires ta shiga sahun birane mafi tsada a Kudancin Amurka, ƴan ƙasar suka riƙa ƙetarawa Chile da Barazil sayen tufafi da kayan lantarki. Ranar 14 ga Afrilun 2025, bayan yarjejeniyar dala biliyan 20 da Asusun Lamuni na Duniya, aka cire wa ɗaiɗaikun mutane turun canji. An soke dokar haya tun Disamban 2023, gidajen haya sun yawaita a kasuwa, amma yanzu mai gida na iya neman a biya shi da dala, tsawon yarjejeniya kuma yadda aka daidaita. An zabge tallafin wuta da gas da sufuri, an saki farashin inshorar lafiya. Ɗalibin da iyayensa ke aiko masa da sefa yana da kariya ɗaya, tun da kuɗinsa a ɗaure yake da yuro a kan 655.957, faɗuwar peso ba ta cinye shi. Kariyar ba ta kai ga kuɗin ɗakin da ake lissafawa da dala ba.

Kalmar da wannan gwamnati ta fi so ita ce libertad, ƴanci. Tana cikin sunan jam'iyyar, La Libertad Avanza, da ita kuma shugaban ke rufe jawabansa, haɗe da wata ashar da ba ta dace da takarda ba. Idan aka bi kalmar cikin dokokin da aka sa wa hannu, za a tarar tana raka farashi da haya da jari da hajar da ake shigowa da ita. Inda ta tsaya shi ne abin lura. A Fabrairun 2024 kakakin gwamnati Manuel Adorni ya sanar da hana abin da ake kira harshe mai haɗa kowa a takardun hukuma, wato rubuta todes a maimakon todos don jam'i ya daina zama na namiji. Hausa ba ta da wannan rigima a jam'inta: tana bambanta kai da ke, shi da ita, amma ku da su sun ɗauke kowa. Mutum na iya ganin todes ƙaƙale ne, masana Sifaniyanci da dama ma haka suke gani, kuma hanin bai shafi bakin mutane a titi ba. Duk da haka akwai abin dubawa a gwamnatin da ta ce ba aikinta ba ne tsayar da farashin gari amma ta ga aikinta ne tsayar da wasali. A watan nan dai aka sanar da rufe INADI, hukumar da baƙar fata ko baƙo ke kai ƙara in an nuna masa wariya.

Ajantina ƙasar baƙi ce tun asali. Gabatarwar tsarin mulkinta na 1853 ta gayyaci duk mutanen duniya da ke son zama a ƙasar, ko da yake sashe na 25 ya fayyace cewa baƙin Turai aka fi so. Miliyoyin ƴan Italiya da Sifen sun amsa, har harshen birnin ya ɗauki launinsu: laburo, aiki, daga lavoro na Italiyanci ya fito. A 1949 Perón ya soke kuɗin jami'a. Dokar shige da fice mai lamba 25.871, wadda ta fara aiki a 2004, ta ɗauki ƙaura a matsayin haƙƙin ɗan Adam. A kan wannan gado dubban ɗalibai ƴan Barazil suka cika azuzuwan likitanci a Buenos Aires da La Plata da Rosario. A ƙarshen Mayun 2025 shugaban ya sa hannu kan doka mai lamba 366 wadda ta taɓa ginshiƙan nan. Jami'o'in gwamnati sun sami izinin karɓar kuɗi daga baƙon da ba shi da takardar zama ta dindindin, an bar wa kowace ta yanke. Asibitocin gwamnatin tarayya za su nemi inshora ko biya daga irin wannan baƙo, in ba jinyar gaggawa ba ce. Neman zama ɗan ƙasa sai an yi shekara biyu cur ba tare da an taka wajen iyaka ba, ko da rasuwa aka yi a gida.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce. Ƙasar da ke markaɗe fanshon tsofaffinta tana da damar tambayar dalilin da zai sa mai biyan haraji ya horar da likitan da zai koma São Paulo ranar da ya karɓi takardarsa. Abin da ya raunana hujjar yana cikin dokar kanta, domin ta buɗe wata ƙofa ta zama ɗan ƙasa ga wanda ya zuba jari mai tsoka, ba tare da sharaɗin shekarun zama ba. Ashe ba a gaji da baƙi ba, an dai sa musu farashi. Ƴan Senegal da ke shimfiɗa tabarau da agogo da sarƙoƙi a unguwannin Once da Flores, waɗanda ake kira manteros daga manta, bargon da suke baza haja a kai, su ne suka fi kowa bin aƙidar kasuwa mai ƴanci: babu tallafi, babu ƙayyade farashi, ciniki ne baki da baki. Su ne kuma ƴan sandan birnin ke kora suna kwashe musu kaya. Hukumar birnin ce ke wannan, kuma ta fara tun kafin Milei, amma ƴancin da ake shela bai sauya musu kome ba.

Ita kanta jami'ar da ake kwaɗayi tana jin jiki. An shiga 2024 da kasafin 2023 ba ƙari, bayan tsadar da ta ninka kome sau uku, har Jami'ar Buenos Aires ta riƙa kashe fitilun farfajiya don rage kuɗin wuta. Ranar 23 ga Afrilun 2024 dubban ɗaruruwan ɗalibai da malamai da iyaye suka cika tituna, a Oktoba kuma shugaban ya hau kujerar naƙi kan dokar ƙara wa jami'o'i kuɗi. Ɗaliban Yamai da ke tunawa da 9 ga Fabrairun 1990 kowace shekara, ranar da aka harbe uku daga cikin magabatansu a gadar Kennedy suna zanga-zangar ƙin tsuke kasafin ilimi, sun san wannan gardama ba baƙuwa ba ce. Malamin da albashinsa ya narke yakan nemi aiki na biyu ko ya bar ƙasar, kuma ɗalibin da ya ƙetare teku don ya zauna gabansa shi ke asara.

Saboda haka amsar ta danganta da kuɗin da ke shiga aljihun mai tafiya da takardar da zai riƙe. Mai albashin yuro ko cikakken tallafin karatu da ya haɗa da inshora zai sami birni mai ɗakunan karatu da shagunan littattafai, da Sifaniyanci mai ban sha'awa ga mai nazari, inda vos ya maye gurbin tú kuma ake furta calle kamar kashe. Zai biya kuɗi mai yawa, amma zai iya yin lissafin wata uku gaba, abin da bai yiwuwa a 2023. Wanda kuwa ya dogara da karatu kyauta da asibiti kyauta da ɗan talla a bakin titi don cike giɓi, ya gina shirinsa a kan abubuwa ukun da aka fi girgizawa, kuma bai kamata dangi su sayar da gona don wannan tafiya ba. Babu alamar iskar za ta juya da wuri, domin a zaɓen ƴan majalisa na 26 ga Oktoban 2025 jam'iyyar shugaban ta zo ta ɗaya da kusan kashi 41 cikin ɗari.

Takardar farko da ofishin shige da fice ke ba mai neman zama, kafin a duba buƙatarsa, sunanta a hukumance residencia precaria. Wanda ya yi karatu da Faransanci zai gane kalma ta biyu ba tare da ƙamus ba. Dokar 2025 ta rage wa'adinta daga kwana 180 zuwa 90, kuma kwanakin da aka yi da ita ba su shiga lissafin shekara biyun nan.