Wai Kula Da Kai Zunubi Ne?

Akwai wani wa'azi da ya yi mana katutu a ƙasar Zuru, daga Wasagu har Ribah, kuma ba daga bakin masu wa'azi kaɗai yake fitowa ba. Uwar miji tana yinsa, ƙawaye suna yinsa, mu kanmu a Zumuntar Mata muna yi wa juna. Wai mace ta ƙwarai ita ce wadda ba ta cewa ta gaji. In ta kwanta da rana, raguwa ce. In ta ɗauki tsoka ɗaya a miya kafin kowa ya ƙoshi, an ce son kai ya yi mata yawa. To ni dai na ce wannan ba koyarwar Almasihu ba ce.

Rikicin daga kalma ya faro. A Hausa in an ce son kai, mugun hali ake nufi, irin na mai cinye rabon wani. Shi ne Bulus ya yi gargaɗi a kansa a 2 Timoti 3:2, kuma ba wanda ya musa. Amma buɗe Markus 12:31, 'yar'uwa. Da Yesu zai nuna yawan ƙaunar da za ki yi wa maƙwabcinki, da wane mudu ya auna? Da ƙaunar da kike yi wa kanki. Wadda ta fasa mudun, da me za ta auna wa wani? Shi ya sa za ki ga matar da ta rena kanta ta koma mai faɗa, tana dukan yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ba muguwa ba ce. Rijiya ce aka yi ta ja har ta ƙafe.

Za su ce ai an umarce mu mu yi musun kanmu mu ɗauki gicciye. Gaskiya ne. Sai dai son zuciya aka ce a bari, ba abinci da barci da magani ba. Annabi Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa don gajiya, a 1 Sarakuna sura 19. Mala'ika bai yi masa wa'azin haƙuri ba. Gurasa da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sāke tashe shi ya ci. A Markus 6:31 kuwa, da jama'a suka hana almajirai sukunin cin abinci, Yesu da kansa ya janye su gefe su huta. Shin mun fi Yesu tsarki ne?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a nan ake wannan magana, ƙasar da aka san golmo. A al'adar Dakarkari saurayi kan yi shekara 7 yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, kamar yadda Yakubu ya yi saboda Rahila. Kakanni sun san mace ta kai wannan gumin. Yau kuma a gaya mata kuɗin mota zuwa asibiti a Zuru ya fi ƙarfin darajarta? Haba jama'a!

Kuma nauyin ƙaruwa ya yi. Hare-haren 'yan bindiga na 2021 da 2022 a Danko/Wasagu sun tashi ƙauyuka, mata da yawa suka karɓi dangin da suka gudo, tukunya ɗaya baki ashirin. Sun yi aikin Allah, ba shakka. Amma wa ya tambaye su ko su sun ci?

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta je awo aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Ke sau nawa kika je? Kada ki ce mini aikin gona ne ya hana, ko girkin taron coci. Ranar awo ki gaya wa maigida tun da dare, ki bar wa wata tukunyar, ki tafi. Mu kuma a Zumunta, in 'yar'uwa ta aiko cewa yau ba ta iya zuwa sharar coci, a daina taɓe baki. A tura mutum biyu su ɗebo mata ruwa.