Ƙarfin Aro Ne a Cikin Gwangwani

'Yan'uwa matasa, mu faɗa wa juna gaskiya. Lokacin jarrabawa ko daren addu'ar kwana, da yawanmu lemon ƙara kuzari muke nema. Amma lemon nan ba ya kawar da gajiya. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa toshe saƙon barci kawai yake yi a ƙwaƙwalwa, gajiyar kuwa tana nan tana jiranmu.

Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da kafeyin miligiram 80 da sukari kusan giram 27. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta fi so babban mutum ya tsaya wajen giram 25 a rana. In aka jera gwangwanaye a dare guda, zuciya kan yi bugu da sauri, jini ya hau, hannu ya yi rawa, barci ya ƙaurace. Haɗa shi da giya ya fi haɗari. Ƙasar Lituweniya ma ta hana sayar da shi ga 'yan ƙasa da shekara 18 tun 2014.

Jikin nan amana ce a hannunmu. Mu daina raba lemon nan a tarurrukanmu na kwana. Wanda ya gaji ya sha ruwa, ya ci abinci, ya kwanta.