Daga Rum zuwa Gaya: su wa ake kira baubawa a wasannin yaƙi na waya?

Duk wanda ya taɓa buɗe Clash of Clans ya san sojan farko da ake ba shi: wani ƙato mai rawayan gashin baki, ba riga, takobi a hannu, sai ihu. Sunansa Barbarian. Kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fito da wasan a 2012, kuma yau matashin da ke Gafasa ko Toranke a Ƙaramar Hukumar Ajingi, muddin wayarsa na da caji da data, zai iya tura ɗaruruwan irin wannan ƙato su rushe garin wani. Da wuya ya tsaya ya tambayi ma'anar sunan.

Kalmar ta Girkawan dā ce. Duk wanda ba ya jin Girkanci, maganarsa a kunnensu "bar-bar" ce kawai, sai suka laƙaba masa sunan. Rumawa suka ara, suka ƙara masa ma'anar jahilci da rashin wayewa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin yana da nasa: baubawa ga mutanen da ba su jin Hausa, gwaranci ga maganar da ba ta fita, wanda kuma sunan wata ƙabila guda aka ɗauka aka mayar abin zolaya.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Rome: Total War, wasan dabarun yaƙi da ya fito a kwamfuta a 2004, ya iso wayoyin Android a 2018. A asalin wasan, mutum yana farawa ne da ɗaya daga cikin gidajen sarautar Rum uku. Idan yana so ya riƙe mutanen Gol, wato Faransa ta yanzu, ko ƙabilun Jamus ko na Birtaniya, sai ya fara murƙushe su ko ya kammala yaƙin Rumawa tukuna. Ma'ana, ba za ka shiga rigarsu ba sai ka gama da su.

Da ka karɓe su kuma, sai ka ga yadda aka ɗaure musu hannu. Garinsu ba ya wuce wani mataki komai yawan jama'arsa. Ba ganuwar dutse, sai shingen itace. Ba shimfiɗaɗɗen titi. Kuɗin shiga kaɗan ne. Abin da aka bar musu shi ne yawa, da kururuwar yaƙi, da iya ɓuya a daji. Har an ƙara musu gishiri: rundunar mata masu ihu a ɓangaren Jamusawa, da masu jifa da kawunan mutane a ɓangaren Birtaniya.

Amma masu buga wasan da yawa sun fi son wannan ɓangare, kuma suna da hujja. Wanda ya riƙe Rum, tsari da kuɗi ne ke yi masa rabin aikin. Wanda ya riƙe mutanen daji kuwa dole ya yi tunani: ina zai yi kwanton ɓauna, yaushe zai ja da baya, wane gari zai bari don ya tsira da rundunarsa. A ci gaban wasan da ya fito a 2005, Barbarian Invasion, al'umma gaba ɗaya na iya barin ƙasarta ta zama ayari mai neman wurin zama, da wasu a bayanta suna koro ta. Wanda ya buga wannan na awa biyu zai fara ganin "mahara" da wani ido. Mutane ne da aka tasa a gaba, su ma suka tasa wasu.

Tarihin gaskiya ma bai goyi bayan hoton ƙato marar riga ba. Mutanen Gol suna da garuruwa masu ganuwa, suna buga kuɗinsu, kuma masana da yawa na ganin daga wurinsu Rumawa suka koyi sulke. A shekara ta 9 miladiyya, ƙabilun Jamus a ƙarƙashin Arminiyus sun hallaka manyan rundunonin Rum uku a dajin Tutobag, kuma shi Arminiyus ɗin a cikin sojan Rum ya koyi aiki. Matsalar ita ce mafi yawan abin da aka sani game da yaƙin Gol daga littafin Juliyas Kaisar ya fito, mutumin da ya ci su da yaƙi a shekara ta 52 kafin miladiyya. Wanda ya yi kaye shi ya riƙe alƙalami.

To, mai karatu a Gaya ko Ajingi bai kamata ya ɗauka wannan labarin Turawa ne kawai ba. Ƙasarsa na cikin wuraren da tambayar ta fi shafa.

Labarin baka da aka daɗe ana bayarwa ya ce maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka je Dutsen Dala neman tama, kuma daga nan Kano ta faro. Idan haka ne, waɗanda suka aza harsashin birnin mutane ne masu bin addinin gargajiya, irin waɗanda daga baya aka kira Maguzawa, aka mayar da sunansu abin zagi a bakin yara. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a fada kuma Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, yana ba da labarin Barbushe da Tsumburbura ne daga ɓangaren waɗanda suka rushe su. Haka labarin Santolo, wadda Sarki Yaji ya ci a ƙarni na 14. Ba a ji ta bakin mutanen Santolo ba.

Gaya kanta ta ɗanɗana. Littafin ya ce a zamanin Sarki Dadi, a ƙarshen ƙarni na 17, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya hana haraji shekara uku, aka yaudare shi aka kashe. Me ya sa ya hana? Littafin bai damu ya faɗa ba. Abin ban sha'awa, sarkin da ya gaji Dadi, Muhammadu Sharefa, ɗan wata mace ce daga Gaya, kuma a zamaninsa mutanen Gaya suka yi ƙarfi a birni. Ɗan tawayen jiya, kakan sarkin gobe. A zamanin Dadin nan dai ne Kwararrafa suka kutsa har cikin birnin Kano, su da aka jera a cikin "Banza Bakwai". Mutanen da suka iya kawo runduna daga kwarin Binuwai har ƙofar fada ba banza ba ne.

Misalin Ningi ya fi duka koyarwa. A ƙarni na 19, hare-haren Ningawa sun addabi kudu maso gabashin ƙasar Kano, har Sarki Abdullahi Maje Karofi ya shafe shekaru yana fama da su. A idon fada, arnan dutse ne. Amma waɗanda suka haɗa kan Butawa da Warjawa da maƙwabtansu malamai ne Hausawa, a ƙarƙashin Malam Hamza, da suka bar Tsakuwa a shekarun 1840 bayan saɓani da hukuma kan haraji. Wannan ba ya wanke su. Sun ƙone garuruwa, sun kama bayi, kamar yadda aka yi musu. Sai dai kalmar "arna" ta ɓoye rabin labarin.

Daga nan sai reshe ya juya da mujiya. Da Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903, hujjar da Lugga ya kai wa mutanensa ita ce sarakunan Arewa azzalumai ne masu farautar bayi, dole a kawo musu wayewa. Fadar da ke kiran wasu baubawa, ita ma aka kira ta da irin sunan.

Dalilin da ya sa wannan ya wuce hirar wasa shi ne har yau ana yin abin. Da an sace shanu ko an tare hanya, sai a ji an ambaci ƙabila guda a Facebook, kamar duk makiyayin da ke ruga ɗan bindiga ne. A Kudu kuma, da wani ɗan Arewa ya yi laifi, "aboki" gaba ɗaya ake zagi. Laifi tudu ne. Kuma yaran da ke yaɗa waɗannan kalamai su ne aka yi shekara fiye da goma ba a koya musu tarihi a firamare da ƙaramar sakandare ba, sai a 'yan shekarun nan Gwamnatin Tarayya ta sanar da maido shi. Giɓin da makaranta ta bari, waya ce ta cike shi.

Saboda haka iyaye da malamai da ke ganin duk wasan waya ɓata lokaci ne sun yi gaskiya a rabi. Wasan da ke cinye data da barci da kuɗin sayen duwatsun ado na bogi, a taka masa birki. Amma yaron da ya san Alarik ya shiga Rum a shekara ta 410 saboda ya buga wasa, ya riga ya buɗe ƙofa. Aikin malamin tarihi a Gaya ko Ajingi shi ne ya tambaye shi: to Farin Dutse fa? Wa ya rubuta labarinsa?

Kamfanonin waje ma sun fara leƙo ƙasar Hausa. A Europa Universalis IV ana iya riƙe Kano ko Katsina ko Zazzau. A Crusader Kings III, na 2020, Daurama ta Daura na cikin sarakunan da aka zaɓo a shafin farko. Sai dai waɗannan wasannin kwamfuta ne masu tsada, da Turanci, kuma babu Gaya a matsayin mai magana da bakinta. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, maƙwabciyar Gaya, tana yaye ɗaliban kwamfuta duk shekara, kuma kowannensu sai ya yi aikin kammala karatu. Masarautar Gaya, wadda ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu tun 2024, tana da dattawan da suka riƙe labaran baka. A haɗa su a ɗaki guda. Ƙaramin wasa na Android, da Hausa, wanda ba ya cin data, inda yaro zai zaɓi Kano ko Gaya ko Santolo ko Ningi ko Kwararrafa, kowa da nasa dalilin fita yaƙi, kuma ba sai ya rushe wani ba kafin a ba shi damar riƙe shi.