Majigi 140 da Akwatin Tunkiya

A watan Afrilun 2018 kamfanin Culturespaces ya buɗe Atelier des Lumières a birnin Paris, cikin wata tsohuwar masana'antar narka ƙarfe da aka kafa a 1835. Na'urorin majigi kimanin 140 ne ke watsa hotuna a daɓe da bangon da tsayinsa ya kai mita 10. Dabarar ita ce a auna ginin da kwamfuta, a fitar da taswirar kowane ginshiƙi da kowace kusurwa, sannan a lanƙwasa hoto ya zauna daidai a jikinsu har ginin ya zama kamar yana motsi. An fara da zanen Gustav Klimt. A 2022 aka shigo da Tintin, a 2025 kuma aka kai hannu ga Le Petit Prince, wato Ƙaramin Yarima, littafin Antoine de Saint-Exupéry da aka buga a New York a 1943. A nan ne aka wuce gona da iri.

Duk wanda ya karanta littafin ya san inda ƙarfinsa yake. Matuƙin jirgin sama ya faɗi a hamadar Sahara, sai ga wani yaro yana roƙon a zana masa tunkiya. Ya zana sau uku, yaron ya ƙi duka. Da ya gaji sai ya zana akwati mai 'yan ramuka, ya ce tunkiyar tana ciki. Nan take yaron ya gamsu, har ya leƙa ya ga ta yi barci. Tun a shafin farko ma an yi wa manya ba'a, domin sun kalli zanen macijin da ya haɗiye giwa suka ce malafa ce. Littafin kacokan hujja ce cewa yaro na iya ganin abin da ba a zana ba, kuma girma ne ke dakushe wannan baiwar.

To ina dalilin ɗaukar irin wannan labari a lulluɓe yaro da shi cikin launuka da kiɗa ta kowace fuska? Majigi ba ya barin gurbi. Kuɗin da aka karɓa a ƙofa na cika ido ne, kuma bango babu hoto asara ce ga mai wurin. Aikin da marubucin ya bar wa yaro da gangan, injin ya karɓe ya yi masa. Haka abin yake ga darasin dila, wanda ya koya wa yariman cewa shaƙuwa tana bukatar haƙuri da dawowa kullum a sa'a guda. Zauren da jama'a ke kai da kawo da wayoyi a sama ba wurin koyon haƙuri ba ne.

Masu kare wannan sana'a suna cewa tana jawo yaran da ba za su taɓa buɗe littafi ba. Mai yiwuwa wasu su buɗe daga baya. Amma yaron da ya fara haɗuwa da labari a bango mai tsayin mita 10 zai je ga takarda da ido cike, ya tarar da 'yan zane-zanen ruwa marasa hayaniya, ya ɗauka an rage masa wani abu. Wanda ya taso da tatsuniyar dare ya san bambancin: ba a taɓa nuna masa Gizo ba, shi ya sa kowane yaro yake da nasa Gizon.

Laifin ba na haske ba ne. Birnin Lyon, mahaifar Saint-Exupéry, yana haska gine-ginensa kowace Disamba a bikin fitilu, kuma gini ba ya rasa komai idan an ƙawata shi. Zanen Klimt ma don ido aka yi shi tun farko. Labarin yara kuwa rabinsa a zuciyar mai sauraro yake. Mai fasahar da ya nace sai ya haska shi, to ya yarda da duhu da shiru, ya kashe yawancin na'urorinsa, ya nuna akwatin kawai ya bar shi a rufe. Idan kasuwa ba za ta ɗauki hakan ba, gara iyaye su sayi littafin da kuɗin tikitin, su karanta wa yaro kafin barci.