Kafin Ka Sayi Tafintan Sauti, Tambayi Kunnenka

A wannan mako zan sauka daga kan maganar siyasa da tsadar kayan masarufi, in ba ku labarin wani ɗan akwati da bai fi kwalin ashana biyu girma ba, wanda saura ƙiris ya raba ni da albashin wata biyu.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini gadon amfilifaya ƙirar Japan da lasifika biyu manya, tare da kwali cike da kaset-kaset na Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Da na ga kaset ɗin sun fara cinyewa, sai na sa aka juye su cikin kwamfuta. Ran da na haɗa kwamfutar da amfilifaya a ɗakina na nan Ikko, murna ta koma ciki, domin a ƙarƙashin kalangun Shata akwai wani shuu da ba ya yankewa, kuma duk lokacin da na taɓa kwamfutar sai wani tsiririn kuka ya biyo baya kamar na sauro. Wani abokin aiki ya ce abin da nake bukata shi ne na'urar da 'yan kasuwa ke kira DAC. Ni dai na raɗa mata suna tafinta, ga kuma dalili.

Waƙar da ke cikin kwamfuta ko wayar hannu lambobi ne zalla a jere. Lasifika kuwa ba ta jin yaren lamba, abin da ta sani shi ne wutar lantarki mai hawa da sauka, wadda ke kaɗa fatarta gaba da baya. Saboda haka dole a sami mai fassara a tsakani, wanda zai karɓi lamba ya mai da ita wuta mai kaɗawa. Kowace waya da kowace kwamfuta da kowane talabijin na zamani yana da nasa tafinta a ciki. Illar ita ce, a cikin kwamfuta an cusa shi ne a tsakiyar sauran kayan wuta masu hayaniya, sai hayaniyar ta riƙa zuba cikin muryar. Amfanin tafinta na waje shi ne a fitar da aikin fassarar daga wannan cunkoso, a kai shi akwatinsa shi kaɗai. Iyakar aikinsa ke nan, kuma wanda ya riƙe wannan da wuya a cuce shi.

Na je wata kasuwar kayan lantarki, mai kantin ya ɗauko mini wani mai ƙyalli, yana nuna mini lambobin da ke jikin kwalin, wai 32 da 768,000, ya ce wanda bai kai haka ba kayan wasan yara ne. To, bari mu warware waɗannan lambobi. Sa'ad da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, sun tsayar da cewa a auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo kuma a rubuta shi da ƙwayar lissafi 16, watau matakai 65,536 tsakanin ƙasa da sama. Ba da ka suka zaɓi wannan adadi ba. Kunnen ɗan Adam mai ƙuruciya da lafiya yana jin kaɗawa daga 20 zuwa wajen 20,000 a daƙiƙa, kuma tun a 1949 masanin lissafin nan na Amurka, Claude Shannon, ya bayyana cewa muddin awon ya zarce ninki biyu na kaɗawa mafi tsini, to ana iya maido da sautin yadda yake. Ninkin 20,000 shi ne 40,000, ga shi kuwa CD ya haura haka. Daɗin daɗawa, mu da muka ba talatin baya, muka kuma sha ƙarar janareta da hon ɗin motocin Ikko, kunnenmu ya daɗe da barin wancan 20,000 ɗin. Ashe lambobin mai kanti gaskiya ne a kan takarda, amma sun wuce inda kunne ke kaiwa.

Abu na biyu da mai kanti bai faɗa mini ba shi ne, tafinta ba ya ƙara abin da ba a faɗa masa ba. Faifan CD yana zubo bayani kimanin dubu 1,411 na ƙwayar lissafi a daƙiƙa, alhali kuwa yawancin waƙoƙin MP3 da ake tura mana a kasuwa an matse su zuwa dubu 128, watau an zubar da kashi tara cikin goma, har da ɗoriya. Abin da aka zubar ya tafi ke nan. Haka nan shuu ɗin da ke cikin tsohon kaset, in an juye shi tare da waƙar, tafinta mai tsada zai fassara shi ne da aminci kamar yadda zai fassara kuntigin Ɗan Maraya. Wanda kuma ke sauraro ta Bluetooth ya sani cewa fassarar tana faruwa ne a cikin lasifikar kanta, don haka akwatin waje ba shi da abin da zai tsinana masa.

To, idan mutum ya tabbata yana bukata, ga abubuwan da ya kamata ya duba, bisa ga abin da na koya da kuɗina da lokacina.

Da farko ya dubi ƙofofin shiga. Mai kwamfuta ko waya yana bukatar ƙofar USB. Mai talabijin yana bukatar ƙofar haske, wadda ake kira Toslink, ƙirƙirar kamfanin Toshiba a 1983. Wannan igiya haske take ɗauka, babu ƙarfe a cikinta, saboda haka gurnanin nan mai kauri da ke biyo wutar gida, wadda a ƙasarmu ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ba ya samun hanyar ƙetarawa. Sai dai a tuna a shiga saitin talabijin a zaɓi PCM, in ba haka ba ko dai a ji shiru ko a ji ƙara mai tsaga kunne, a zaci akwatin ne ya lalace.

Na biyu, ƙofofin fita. Tsohuwar amfilifaya tana son filogi biyu, ja da fari, kuma ta saba da ƙarfin wajen bolt 2 irin na na'urar CD. Ƙananan tafintoci na soka wa a waya da yawa ba su wuce bolt 1 ba, dole sai an murɗa amfilifaya sama sosai. A kula kuma kada a soka a ramin da aka rubuta wa Phono, domin wannan na garmaho ne, sauti zai fashe. A nemi na AUX ko na CD.

Na uku, wuta. Wanda ke shan wutarsa daga USB bolt 5 kawai yake bukata, ya hutar da kai. Wanda ke da nasa filogi na bango, a karanta jikinsa da kyau, musamman kayan gwanjo daga Amurka inda wutarsu bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Sakaci ɗaya ya isa ya ƙone shi.

Game da kuɗi, ga ma'auni. A 2016 da kamfanin Apple ya cire ramin lasifikar kunne daga wayarsa ta iPhone 7, ya sayar da 'yar igiyar da ke ɗauke da cikakken tafinta a kan dala 9. A 2012 kamfanin Schiit na Amurka ya fito da nasa mai suna Modi a kan dala 99. Daga baya kamfanonin Sin irin su Topping da SMSL da FiiO suka cika kasuwa da masu sauƙin kuɗi. Ƙwaƙwalwar da ke cikin yawancinsu kuwa daga 'yan kamfanoni ƙalilan take fitowa, irin su ESS da AKM da Cirrus Logic, don haka sau da yawa abin da ke cikin mai tsada ɗan'uwan na cikin mai araha ne, bambancin yana ga akwati da yawan ƙofofi.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kamata ya kori gani. Na koma kantin da kwamfutata da wani abokina, na juya baya, shi kuma yana sauya mini tsakanin mai tsadar da wani ƙarami, bayan mun daidaita ƙarfin muryarsu. Wannan daidaitawa wajibi ce, domin kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, kuma wasu masu kanti sun san da haka. Sau goma muka gwada, ban iya rarrabe su ba. Na sayi ƙaramin, kukan sauron ya ɓace, shuu ɗin kaset kuwa yana nan, na kuwa yi haƙuri da shi tunda tun zamanin Baba tare muke jin su.

Shawarata ga mai karatu ita ce, kafin ya fita daga gida ya yi gwaji na kyauta. Ya zare cajar kwamfuta ya saurara, ya sauya igiya, ya haɗa kwamfuta da amfilifaya a soket ɗaya. Idan hayaniyar ta tafi, kuɗinsa ya huta. Idan kuwa tun farko babu wani aibi da kunnensa ke ji, to ya adana kuɗin, ko ya sa su a lasifika mai kyau, domin a nan ne ake jin bambanci tun daga bakin ƙofa. Kada kuma ya yi cinikin biri a sama, sai ya ji da kunnensa, an kuma yarda zai iya maidowa.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.