Ina Za A Kai Tsohon Karen Gadi?

Sanin kowa ne cewa gidajen ma'aikata da dama a Kaduna, Kano da Jos na ajiye kare domin gadi, abin da malamanmu suka halatta tare da farauta da kiwo. Sai dai ba a cika maganar makomarsa ba idan ƙarfinsa ya ƙare. Babban kare irin Alsatian kan fara tsufa tun yana shekara 7 ko 8: ƙugu ya riƙe, yana ta rufe ido, haƙora su zube. Daga nan sai maigida ya sa direba ya kai shi bayan gari ya sake.

Idan wani mai tausayi ya tsince shi, akan shiga neman mai karɓa, kuma a nan nake ganin ake tafka kuskure, domin ana tallata shi a matsayin mai gadi, a ɓoye larurarsa. Wanda aka yaudara haka ba zai daɗe ba zai mayar da shi titi.

A ra'ayina a gaya wa mai karɓa gaskiya tun farko. Zai buƙaci abinci mai laushi, shimfiɗa maimakon siminti, da maganin gaɓoɓi daga likitan dabbobi, ba ibuprofen ɗinmu ba, wanda ke lalata wa karnuka ƙoda. Gidan kuma ya zama marar ƙananan yara, saboda makahon kare na cizo idan aka firgita shi. Kafin komai, a yi masa allurar rigakafin haukan kare, wadda cibiyar Vom ke samarwa. Kuɗin kuwa, in an san tsohon maigidan, shi ya kamata ya biya.