Saurin da Ke Jikin Kwali da Saurin da Ke Cikin Kwamfuta

A makon jiya wani ɗalibina da ke rubuta kundin digirinsa na biyu ya shigo ofishina da kwamfutarsa a hammata, ransa a ɓace. Ya shafe watanni yana tara kuɗi har ya sayi sabuwar ma'ajiyar bayanai irin wadda ake kira SSD, an rubuta a jikin kwalinta cewa tana karanta megabait 550 a kowane sakan. Da ya ɗaura ta ya auna, bai ga ta wuce 270 ba. Ya riga ya yanke hukunci cewa jabu aka sayar masa, har yana shirin komawa shagon a yi ta ta ƙare. Muka zauna muka duba, sai muka tarar ma'ajiyar lafiyarta ƙalau. Kwamfutar ce ƙirar wajen shekarar 2010, kuma abin da ke karɓar bayanai a cikinta ba zai iya ɗaukar fiye da haka ba.

Abin da ya faru da shi na faruwa da mutane da yawa, domin yawancinmu kwamfutoci 'yan gwanjo muke saye, sannan mu ƙara musu kayan zamani. Ma'ajiya ba ta magana da ƙwaƙwalwar kwamfuta kai-tsaye. A kan uwar allo, wadda masu gyara ke kira madabod, akwai wani ɗan guntun lantarki da ke karɓar umarni, ya tsara shi, ya miƙa wa ma'ajiya, sannan ya dawo da amsa. Shi ne mai sarrafa ma'ajiya. Komai ƙarfin SSD, iya abin da wannan mai sarrafawa ya bari ya wuce, shi ke isa gare ka, kamar yadda girman tanki ba ya ƙara wa siririn bututu faɗi.

Mahaɗar da aka fi sani ita ce SATA, kuma zubi uku gare ta. Zubi na biyu yana ɗaukar gigabit 3 a sakan, na uku wanda ya fito a 2009 yana ɗaukar gigabit 6. Da yake a cikin kowane bit goma da aka aika takwas ne kawai saƙo, biyu na tsarin aikawa ne, iyakar na biyu ta zama megabait 300, ta na uku kuma 600. Idan aka cire ɗawainiyar da ke tsakani, sai a samu kusan 270 da 550. Ramin kuwa kamanninsa ɗaya ne, waya ɗaya ke shiga dukkansu, don haka ido ba ya bambance su. Ɗalibin nan ya haɗa ma'ajiyar zubi na uku da mai sarrafawa na zubi na biyu, suka daidaita a kan saurin wanda ya fi rauni.

Ko rubutun da ke jikin uwar allo ba kullum yake faɗin cikakken labari ba. A tsakanin 2009 da 2010, kafin kamfanin Intel ya sa zubi na uku a cikin guntayensa, masu ƙera uwar allo sun riƙa ƙara wani guntu daban na kamfanin Marvell domin su rubuta gigabit 6 a kwali. Sai dai sau da yawa guntun a kan layin PCIe ɗaya tak yake zaune, wanda iyakarsa megabait 500 ce a takarda, a aikace kuma ƙasa da haka. A 2011 Intel ta kawo nata a guntayen P67 da H67, amma ramuka biyu ne kawai daga cikin shida ke da wannan sauri. Guntun H61, wanda ya yi yawa a kwamfutocin tebur masu araha, ba shi da ko ɗaya. Wato a kan allo guda, ramin da mai gyara ya soka waya yana iya ninka saurin ma'ajiya ko ya raba shi biyu.

Akwai kuma harshen da mai sarrafawa ke magana da shi. A saitin BIOS na tsofaffin kwamfutoci ana zaɓa tsakanin IDE da AHCI. Tsarin IDE umarni ɗaya yake miƙawa ya jira amsa. AHCI yana jera umarni har 32 a layi guda, ma'ajiya ta zaɓi yadda za ta gama da su. SSD kuwa ƙarfinta yana cikin yin ayyuka da yawa lokaci guda, saboda haka barin ta a kan IDE tauye ta ne. Amma a yi hattara: wanda ya sauya saitin bayan an riga an ɗora Windows, ba tare da an shirya ta ba, yana iya tarar da kwamfutar ta ƙi tashi.

Shi kansa AHCI domin ma'ajiya mai faifai aka tsara shi. Shi ya sa a 2011 aka fito da tsarin NVMe, wanda ke bin layukan PCIe kai-tsaye, kuma yana ba da damar layukan umarni sama da dubu sittin da biyar. A kan layuka huɗu na PCIe zubi na uku ana samun kusan megabait 3,500 a sakan, a zubi na huɗu kusan 7,000. Nan ma akwai tarko. Ramin M.2 siffa ce kawai: wani SATA ke bi ta cikinsa, wani NVMe, wani duka biyun. Wanda ya sayi NVMe ya soka a ramin da SATA kaɗai ya sani, kwamfutar ba za ta ma gan ta ba. A kwamfutocin tebur kuma, ramin da ke haɗe da ƙwaƙwalwar kwamfuta kai-tsaye ya fi wanda ke bi ta guntun allo, domin na biyun yana raba hanya ɗaya da ramukan USB da na intanet da sauran ma'ajiyoyi.

To, shin ɗalibin nan ya yi asarar kuɗinsa? Ko kusa. Lambar da ke jikin kwali saurin kwashe babban fayil ne a jere, alhali aikinmu na yau da kullum, kamar kunna kwamfuta da buɗe manhaja da neman takarda, karanta ƙananan gutsattsari ne daga wurare dabam-dabam. Ma'ajiya mai faifai sai allurarta ta yi tafiya faifai ya juyo, abin da ke cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na sakan a kowane nema. SSD ba ta da abin da ke motsi, tana amsawa cikin ɗan ƙanƙanin ɓangare na wannan lokaci, kuma wannan riba tana nan ko a kan SATA zubi na biyu. Da zai yi asara ne in da ya biya kuɗin mafi tsada yana zaton tsada ce za ta buɗe masa hanya.

Shawarata ga mai saye ita ce ya fara da sanin kwamfutarsa kafin ya san kasuwa. Ya nemi lambar ƙirarta, ya karanta littafinta, ya ga wane zubin SATA take da shi, ya ga ko ramin M.2 ɗinta ya san NVMe. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna saurin da ma'ajiya ke iya yi da saurin da take kai a yanzu. Matambayi ba ya ɓata.

Babban nauyin kuwa yana kan makarantu da ma'aikatu masu sayen kwamfutoci da kuɗin jama'a. Takardar kwangilar da ta ce “a sa SSD mai gigabait 512” ta yi shiru ta bar wa ɗan kwangila ƙofa a buɗe, domin SATA da NVMe duk sun cika wannan sharaɗi, alhali tazarar saurinsu tana iya kai ninki shida. Ya kamata a rubuta irin mahaɗar da irin ramin, a kuma auna kafin a sa hannu a kan takardar karɓa.

Ɗalibina dai ya fasa komawa shagon. Kwamfutar tasa yanzu tana tashi kafin ya gama gyara zama, kuma na ba shi makonni biyu ya kawo mini babi na uku.